Ranar da Wutar Gidan Madina ta Ƙi Ci

A Anguwan Rogo, in ka tambayi gidan Madina mai saƙa, ba ƙofa za a nuna maka ba, sama za a nuna maka. A saman kwanon gidan akwai wani baƙin bututu da ya miƙe ya ɗan karkace, da 'yar hular langa-langa a kansa, kuma duk ranar da gari ya yi sanyi za ka hango siririn hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin hular. Baƙi sukan zaci gidan burodi ne. An taɓa yin wata baiwar Allah da ta yi sallama da kwandonta tana neman na sari, Madina ta dube ta sama da ƙasa ta ce burodin bai nuna ba tukuna, ta leƙo baɗi.

Halinta ke nan. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, kuma magana ba ta kwana a cikinta. A unguwar Ali Kazaure aka haife ta, a gidan da kakanta ya gina lokacin da ya zo aikin kuza, aure ne ya kawo ta Anguwan Rogo. Sana'arta saƙar kayan sanyi, su suwaita da huluna da safar jarirai. Da wuya ka sami yaro a layin da bai taɓa shiga hular Madina ba, da wuya kuma ka sami uwar da ba ta taɓa shan faɗanta ba. In ta gamu da mace ta goyo jariri ƙafa a waje, ko ba ta san ta ba sai ta tare ta a tsakiyar titi.

"Ke, wannan ɗan naki ne ko na aro ne?"

Sai ta zaro safa daga jaka ta zura masa, ta wuce tana mita. Mata suna shakkar bakinta, amma duk wadda ta haihu gidanta take fara aikawa.

Masu cewa ta cika zafi a kan maganar sanyi ba su san inda abin ya samo asali ba. Ɗanta na fari, Musaddiq, da sikila aka haife shi. Wani sanyin ƙarshen shekara ne ya tayar masa da ciwo, bai isa shiga makaranta ba ya koma ga Ubangijinsa. Yana raye Madina ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda kunyar ɗan fari, bayan ya tafi kuma bakinta ya kasa. Da ta haifi ta biyu aka raɗa mata Maimunatu, sunan mahaifiyar maigidan, shi ya sa Madina take kiranta Ummi. Ita ma gwaji ya nuna sikila ce. Tun daga ranar Madina ta ɗauki sanyi a matsayin abokin gaba wanda ya riga ya san hanyar gidanta.

Da farko kaskon gawayi suke shigarwa ɗaki kamar kowa, su rufe ƙofa da taga ruf. Wata safiya maƙwabta suka ji shirun ya yi yawa, suka ɓalle ƙofar, suka jawo su ukun waje, kai na sarawa, ana ta amai, jaririya ta yi laushi. Allah ya yi da sauran kwana. Maigidan, Datti, kafinta ne a kasuwar Katako, kuma abin da Allah ya ƙara wa matarsa na magana shi ya rage masa. Da ƙafafunsa suka iya ɗaukarsa sai ya sunkuci kaskon ya fasa shi a ƙofar gida, ya wuce wurin abokinsa Pwajok mai walda, wanda rumfarsa ke kallon tasa.

Abin da ke ran Datti shi ne gadon ƙasa irin na kakarsa, wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Ɗumin yake so ya shiga ɗaki, hayaƙin kuma ya tsaya a waje. Suka yanka duro gida biyu, suka girke rabin a tsakar gida jikin bangon ɗaki, suka huda masa kafar iska a ƙasa, suka yi masa murfi. Daga murfin bututu ya ratsa bango, ya bi ta cikin wani gadon siminti da Datti ya gina, ya fito ta ɗaya bangon wajen hanyar zaure, ya miƙe sama ya wuce kwano. Abincin wutar kuwa garin katako ne, wanda a Katako roƙon mutum ake yi ya kwashe. A tsayar da taɓarya a tsakiyar duron, a zura sanda ta kafar iska ta taɓa gindinta, a zuba garin a danne, a zuba a danne, sannan a zare su a hankali su bar rami. A jefa wuta a ramin a rufe. In an yi shi daidai, wutar za ta yini ta kwana tana ci sannu-sannu, gadon yana ɗumi kamar jikin mutum. Mutanen layi sun sha dariya lokacin da ake aikin, har ana cewa Datti zai gasa iyalinsa. A kan gadon nan Maimunatu ta yi rarrafe, ta yi karatu, ta zama budurwa.

Danna garin katako aikin Madina ne tun farko, don ta ce maza ba su da haƙurin dannawa. Shi kuwa Datti abu guda aka san shi da shi. Akwai wani guntun rodi da ke rataye a ƙusa kusa da bututun. Kowace safiya in zai fita kasuwa sai ya ciro shi, ya miƙa hannu iyakar tsawonsa, ya ƙwanƙwaso bututun daga sama zuwa ƙasa, ƙarar tana tashi tas kamar ta ƙararrawar makaranta. Ƙarar kan bi ƙarfen har cikin gado. Maimunatu tun tana 'yar mitsitsiya ta koyi amsa masa, ta ɗauki cokali ta buga guntun bututun da ya leƙo a ƙafar gadon. In ya ji amsa sai ya yi murmushi, ya sunkuya ya ɗan yi wani taɓe-taɓe a gindin bututun, ya bi ta wajen bishiyar fiya da ke bakin zaure, ya fice. In bai ji ba sai ya ajiye jakarsa, ya san yau ba lafiya.

"Tsofai-tsofai da kai kana wasan yara," in ji Madina, kusan kullum. "Ka leƙa ka ce ina kwana mana, bakin naka haya ka ba da shi?"

"Ni da uwata ne," in ji shi. Iyakar amsar ke nan shekara da shekaru.

A farkon sanyin bara Datti ya faɗi a rumfarsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ana cikin zaman makoki wani mai ta'aziyya ya zo jingine kekensa, kan keken ya bugi bututun. Farantin da ke hannun Madina ya suɓuce. A cikin ɗaki Maimunatu ta fasa wani irin kuka wanda sai da aka yayyafa mata ruwa. A ranar Madina ta cire rodin daga ƙusa ta cusa shi can ƙasan buhun zare, ta kuma kafa doka cewa duk wanda ya sake taɓa mata bututu, ko da gwiwar hannu ne, ya kuka da kansa. Ba wanda ya taɓa. Wutar ta ci gaba da ci har sanyi ya wuce, Madina ta fita takaba, aka huta da hurawa lokacin zafi, damina ta kankama aka koma.

Sai ga watan Agusta da markarsa. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba, yayyafi ya ƙi tsayawa ya ƙi zama ruwan kirki, bango ya jiƙe, ashana ta yi sanyi, wanki ya ƙi bushewa. Wutar lantarki kuwa tun da iska ta kayar da wani turke ba a sake jin ɗuriyarta ba. Madina ta lura 'yan kwanakin nan gadon ba ya ɗumi kamar da, amma ta ɗora laifin a kan damina. Ran nan da safe ta shiga ɗaki ta dafa shi ta ji shi kamar dutsen rafi. Maimunatu tana naɗe a bargo, da suwaita a kan suwaita.

"Ummi, tun yaushe ya mutu?"

"Bai daɗe ba, Umma. Ba komai."

Ta ce ba komai, amma hannunta yana ƙarƙashin bargo yana murza gwiwa. Madina ta san wannan murzar. Daga gwiwa ciwon yake farawa, ya hau ƙugu, ya kama baya, daga nan sai ihu, sai asibiti, sai ƙarin ruwa da neman jini. Na ƙarshe da ya kama ta, sai da likita ya ja Datti gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, kuma tun lokacin take ɗan ɗingishi. In gadon nan bai yi ɗumi kafin yamma ba, Madina ta san inda za su kwana.

Ba ta tsaya jimami ba. Ta dafa ruwa a risho ta ɗura a kwalabe, ta zura kowace a safa, ta jera wa yarinyar a jiki, ta ba ta maganinta da ruwan ɗumi kofi guda, ta tsaya a kanta sai da ta shanye. Sannan ta ɗaure ɗankwali ta fito wurin duron.

Garin katakon ta fara zargi. Ta damƙi kaɗan ta matse, ta ji ya ɗan dunƙule. To, ya sha laima. Ta kwashe shi kaf, ta ɗora babbar tukunyar suna a kan risho, ta dinga soya shi kashi-kashi kamar mai suyar gyaɗa har ya bushe ƙarau. Ta tsayar da taɓarya, ta danna, ta zare, ta jefa wuta. Wutar ta kama da kyau. Tana ɗora murfi sai hayaƙi ya dawo ta kafar iska ya turnuƙe tsakar gida, wutar ta yi ja ta mutu. Madina ta yi tari, ta share hawayen hayaƙi, ta gaya wa duron maganar da ba za a maimaita ba.

Ta koma kan kafar iska. Ta durƙusa a cikin taɓo ta zura sanda, ta leƙa da tocilan ɗin waya. Ban da wani mataccen kyankyaso ba ta sami komai ba. Ta duba bakin murfi ko ya lanƙwashe, ta liƙe gefensa da laka, ta sake hurawa. Hayaƙin ya sake dawowa ya same ta a fuska.

Tana cikin haka maƙwabciyarta Lai'atu ta shigo, riƙe da kasko cike da garwashi jajur. Lai'atu mutuniyar kirki ce, irin waɗanda ba sa iya ganin mutum cikin wahala su zauna.

"Maman Ummi, tun ɗazu nake jin tarinku ta katanga. Ga wannan a sa mata a ɗaki, ko na yau kaɗai ne. A bar taga a buɗe mana."

Madina ta dubi garwashin. Ɗuminsa yana dukan ƙafafunta, kuma Allah ya sani ranta ya biya. Ta dubi ƙofar ɗakin. Ta san kanta, ta san in yamma ta yi sanyi ya sauko, da hannunta za ta rufe tagar.

"Na gode, Lai'atu, Allah ya bar zumunci. Ajiye shi a nan waje mu dafa ruwa da shi. Amma gawayi ya gama shiga ɗakin nan tun Ummi tana zanen goyo."

"To ya za ki yi?"

"Zauna mini da ita. Katako zan je."

Ta yafa mayafi ta tari keke mai ƙafa uku. Rabonta da Katako tun kafin rasuwar, kuma da ta hango rumfar Datti da wani baƙo a ciki yana fiƙe katako, sai ta kawar da kai. Pwajok yana nan a tasa rumfar, a kan benci, cikin wata tsohuwar suwaita ruwan toka da ita ta saƙa masa. Walda ta cinye masa ido, yanzu sai dai ya zauna masu aiki su kawo masa ƙarfe ya shafa ya ce a ƙara wuta ko a rage. Tun shekarun da gari ya rikice ya tashi daga kusa da su ya koma can wajen danginsa, amma bai taɓa fasa zuwa rumfa ba, kuma ranar jana'izar Datti yana tsaye a bakin maƙabarta har aka watse.

"Oga Pwajok, ina wuni."

"Wannan murya na Maman Ummi ne! Ka zo lafiya? Yaya yarinya na?" in ji shi da Hausarsa ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji.

Ta zayyana masa komai, abin da ta gwada da abin da ya biyo baya. Yana saurare yana gyaɗa kai.

"Wuta yana son abinci, yana son iska, yana son hanya," in ji shi. "Ka ba shi abinci, ka ba shi iska. To hanya ne ya toshe. Amma a ina? In a cikin gado ne, madam, sai an fasa siminti. Wannan ba aiki na yau ba ne, kuma da ruwan nan siminti ba zai bushe da wuri ba."

Fasa gado yana nufin kwanaki ba ɗumi.

"In kuma ba a gado ba ne?"

"Mu je mu gani. Ko da yake ni gani ya ƙare, sai dai mu je mu taɓa."

Ya lalubo sandarsa, suka shiga keke, da buhun busasshen garin katako da ya sa aka ɗora musu. A gida ya gaisa da Maimunatu ta bakin ƙofa, ta amsa masa da muryar da Madina ba ta so ba. Ya bi duron da tafin hannu, ya shafa murfin, ya shafa inda ya yi walda shekarun baya, ya ce aikinsa yana nan daram. Suka zagaya wajen bututun da ya miƙe sama.

"Ba ni wani ƙarfe in buga. Inda ya cika, ƙara zai nuna."

Lai'atu, da ta san dokar gidan, ta saci kallon Madina. Madina ta yi tsaye kamar an dasa ta. Wata tara ke nan tana kewaye bututun nan kamar mai kewaye kabari, tana tsoron ƙarar da za ta tsaga mata zuciya ta kuma tsaga ta yarinyar. Daga cikin ɗaki ta jiyo wani ɗan nishi da aka yi ƙoƙarin dannewa. Ta juya ta shiga rumfar saƙarta, ta zazzage buhun zare a ƙasa, ta dawo da rodin.

"Kawo," in ji Pwajok.

"Bari, ni zan buga."

Ta yi bisimilla, ta yi ɗage iyakar tsawonta, ta buga. Gwaf. Ta sauko ƙasa kaɗan ta sake. Gwaf. Pwajok ya karkata kai yana yamutsa fuska.

"Kunne na ma injin ya lalata shi, ga ruwa yana dukan kwano. Ban iya rabewa ba."

"Ni na rabe," in ji Madina. "Ba haka yake ƙara ba. Wallahi ba haka yake ƙara ba. Wannan kamar an bugi buhun masara."

Ai kuwa ita ce za ta sani. Kowace safiyar duniya tana tsugune tana wanke-wanke ƙarar nan take shiga kunnenta, tana mita tana ji. Ta bi bututun da bugu har ƙasa, duk gwaf ne. Ta shiga ɗaki ta buga guntun da ke ƙafar gado, ya amsa da 'yar ƙara mai daɗi. Maimunatu ta bi ta da ido. Madina ta fito da sauri.

"Ba a gado ba ne. A nan ne."

Sai ta tuna sunkuyon da Datti yake yi bayan bugun. Ta durƙusa a gindin bututun, inda ya lanƙwaso daga bango. A ƙarƙashin lanƙwasar, a ɓoye bayan wani bulo, akwai gwangwanin madara da aka cusa a bakin ƙarfen ya zama murfi. Pwajok ya shafa ya ce wannan ba aikinsa ba ne, Datti ne ya ƙara abinsa daga baya. Ta ja ya ƙi. Ta ɗauko almakashi ta banƙare shi. Cike yake maƙil da kunkunniya, ta sha laima ta daskare kamar tuwon jiya, kuma da ta zura yatsa sama ta ji haka abin yake har inda yatsan ya kai.

Ta zauna daɓas a kan bulon, gwangwanin a hannunta. Ashe bugun nan daga sama zuwa ƙasa kakkaɓe kunkunniya yake yi kafin ta kama jiki. Ta zubo cikin gwangwani, ya juye a gindin fiya, ya mayar, ya tafi kasuwa. Gaisuwar da sharar duk a bugu ɗaya yake yin su.

"Ka ji mutum," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Ka ji mutum don Allah. Shara yake yi a gabana kullum ina ce masa wasan yara. Da ya buɗe baki ya faɗa, wani abu zai ragu a jikinsa?"

"Datti ke nan," in ji Pwajok. Ya cire tabarau ya goge ido da hannun suwaita. "Shekara talatin muna kallon juna, labari na shi bai cika kofi ɗaya ba."

Kukan bai daɗe ba, don rana tana tafiya. Bugu ba zai fitar da abin da ya daskare ba, sai an bi ta sama. Pwajok ba ido, Lai'atu ko kujera ta hau jiri take ji, mazan layi duk suna kasuwa. Lai'atu ta ce a jira su dawo. Madina ta ce ciwon ba zai jira su ba. Ta tufka igiya da ragowar zaren saƙa, mai kauri, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ta naɗe dutsen niƙa ƙarami da soson ƙarfe ta ɗaure a bakin igiyar. Ta shiga ɗaki ta zura wandon marigayi a ƙarƙashin zani, ta naɗe ƙafafun, ta sa aka jawo tsanin gidan su Lai'atu.

Wanda bai ga Madina a kan kwano ran nan ba ya yi asarar kallo. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya, cikin yayyafi, tana rarrafe a kan layin ƙusoshi kamar yadda ta sha jin Datti yana gaya wa masu gyaran rufi. Matan maƙwabta suka fito tsakar gidajensu suna salati. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Maman Ummi, ki ji tsoron Allah ki sauko!" Madina ta ce mata in tana da taimako ta kawo, in babu ta koma ta sa wa ɗanta hula. Amma ita kaɗai ta san irin addu'ar da take ja a ranta.

Ta kwance wayar da ta riƙe hular bututun, ta zura dutsen, ta saki. Ya tsaya. Ta ja ta saki, ta ja ta saki, kafaɗunta kamar za su cire. Can sai ta ji ya wuce. Daga ƙasa aka ji wani ruf, sai ga muryar Pwajok, wanda ya tsaya riƙe da tsani daidai bakin bututun.

"Madam! Ya fito! Duka ya fito a kan ƙafa na!"

Ta yi ta zurawa tana jawowa har dutsen ya riƙa sauka ba tangarɗa. Ta mayar da hular ta ɗaure, ta sauko da baya, baƙi ƙirin tun daga goshi har wuyan hannu. Lai'atu ta dube ta ta dubi Pwajok, dariya ta ci ƙarfinta sai da ta dafa bango.

Madina ba ta ko wanke fuska ba. Ta kwashe kunkunniyar a bokiti ta juye a gindin fiya, ta mayar da gwangwanin mazauninsa. Ta tsayar da taɓarya, ta zuba sabon garin da suka zo da shi, ta danna da dukan ƙarfin da ya rage mata, ta zare, ta jefa wuta, ta ɗora murfi. Hayaƙi ya leƙo ta kafar iska kamar zai fito, sai ya koma ciki. Duron ya fara wani gurnani a hankali, irin na kyanwa in ta ƙoshi. Lai'atu ta ja da baya ta ɗaga kai.

"Ga shi can yana fita ta sama!"

Kafin la'asar gadon ya fara ɗumi. Madina ta zauna a bakinsa tana shafa wa Maimunatu man zafi a gwiwa, tana tambayarta ko ya hau ƙugu, ita kuma tana cewa bai hau ba. Ta sake tambaya, ta sake cewa bai hau ba, har yarinyar ta ce, "Umma, kin tambaya ɗazu." Da aka jima kafaɗun Maimunatu suka saki, ta ture bargo ɗaya, ta ce tana jin yunwa. A wannan karon ba a je asibiti ba. Pwajok ya sha shayi, ya ƙi karɓar komai sai alkawarin sabuwar suwaita, aka sa shi a keke ya tafi.

Madina ta fito tattara kayan aiki. Rodin yana yashe a ƙasa inda ta bar shi. Ta ɗauka ta goge shi da gefen zani, ta tsaya tana shawarar ko ta mayar da shi buhun zare. Ta ce a ranta bari dai ta ji ko hanyar ta fita duka. Ta yi ɗage, ta buga daga sama zuwa ƙasa.

Ƙarar ta tashi tas, irin ta da, ta cika tsakar gidan. Madina ta runtse ido ta dafa bango. Ta yi nadamar bugawa, ta kasa kunne tana jiran kuka daga ɗaki.

Sai ta ji cokali yana amsawa.

Ta daɗe a tsaye a wurin, yayyafi yana sauka a kanta. Sannan ta share fuska da bayan hannu, ta ƙara shafa wa kanta baƙi, ta rataye rodin a ƙusarsa. Ta ɗaga murya yadda za a ji ta har zaure.

"Na ji ki! Sai ki sauko da ƙafa ki ci abinci tun bai huce ba."